Jinin Goggo da Zoɓon Autarmu

Ranar da alhazai suka gama jifa suka sauko daga Mina, Goggo ta shigo gidanmu da ke unguwar Misfala a Makka ko sallama babu. Ta wuce mu a falo, ta shige kicin, ta zauna a kan buhun shinkafa ta fashe da kuka. Mu kuwa guɗa muka shirya mata. Umma ta dafa shinkafa da kaza, ni na sayo turare, autarmu har balan-balan ta hura, don ita komai a wurinta biki ne.

Goggo 'yar ƙanin kakanmu ce. Kaka da ƙaninsa tare suka taso daga ƙasar Katsina, ƙanin ya yi hajjinsa ya koma gida, Kaka ya ce shi ya iso. Mu nan aka haife mu, ita can, kuma kafin wannan shekarar muryarta kawai muka sani a waya. Shekaru 'ya'yanta suna roƙonta su biya mata kujera tana ƙi. Ta ce sai al'adarta ta ɗauke tukuna, don ba za ta ratso duniya ta zo ta zauna a ƙofar masallaci tana gadin takalman mutane ba. Ta ɗauke ɗin. Goggo ta bari damina ta wuce, wata ta sake wucewa, ta ga shiru, sannan ta ce to yanzu a biya.

Umma ta durƙusa gabanta a kicin. An sace miki jaka? A'a. An yi rasuwa a gida? A'a. Wani ya taka ki wajen jifa? A'a. Can dai Goggo ta ja gefen hijabi ta rufe baki, ta ce, "Abin nan ne ya dawo."

"Wane abin nan?"

"Abin nan na mata. A Muzdalifa, ina cikin tsintar duwatsu."

Allah ya yafe mini, ni na fara. Dariyar ta ƙwace mini ta hanci. Umma ta juyo za ta harare ni, ita ma ta kasa, ta zube a ƙasa tana bugun cinya tana cewa, "Goggon yara, kin zo Makka kin koma budurwa!" Goggo tana kuka tana kai mata duka da hijabi, can ita ma dariyar ta kama ta, hawaye na zuba baki na buɗe.

Amma maganar ba ta dariya ba ce, kuma duk mun sani. Goggo ta tsaya Arfa, ta kwana Muzdalifa, ta yi jifa. Saura ɗawafin ifada da Safa da Marwa, kuma mai haila ba ta ɗawafi sai ta yi tsarki. Idan babu wannan ɗawafin, hajji bai cika ba. Ga shi jirginsu yana cikin na farko-farkon tashi. Umma ta ƙara mata da cewa in ta koma a haka ba ta fita daga harama ba, mijinta Malam ma ya haramta gare ta. Goggo ta share ido ta ce, "Malam ya jira, ya saba. Ni hajjina nake ji."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ta gaya wa kowa a ayarinsu ba. Matan ɗakinsu ta ce musu ƙafa ke ciwo. Jagoransu, wani ɗan saurayin malami mai yawan sauri, da ya ji batun ƙafa sai ya turo mata mai keken tura marasa lafiya har ƙofar masauki. Goggo ta shige banɗaki ta kulle har mai keke ya gaji ya tafi. Na ce, "Haba Goggo, ki gaya masa mana, ai ya karanta wannan babin!" Ta ce in rufa mata asiri, yaron sa'an ɗanta na uku ne, gara ƙasa ta tsage ta shige.

Muka ɗauko jakarta ta dawo wurinmu. Mazan gidan duk suna Mina, aikin lokacin hajji bai ƙare musu ba, saboda haka gida namu ne mu kaɗai. Umma ta kai ta wurin wata likita mace, ta duba ta, ta ce babu komai, yakan yi haka in zai yi bankwana, a dai jira. Jira kuwa ba halin gidanmu ba ne. Maƙwabciyarmu, mutuniyar Damagaram mai aikin shara a wani otel, ta kawo jiƙon tsamiya. Umma ta matse lemon tsami har Goggo ta ce haƙoranta sun mutu. Ni na kawo shawara, wadda ita ce kullum nake da ita da yawa.

To, a saman benenmu, bayan tankin ruwa, akwai wani abu da Umma ta kafa dokar kada baƙuwa ta gani.

Autarmu zane-zane take karanta a Jidda, kuma shekararta ta ƙarshe ce. Aikin da ta zaɓa na kammalawa shi ne ya kusa raba ni da ita. Ta tattaro fararen tawul ɗin da maza ke ɗaura harama da su, waɗanda alhazai ke yarwa in sun gama, ta wanke su, ta ɗinke su baki da baki suka zama dogon ƙyalle guda. Sannan ta fara rina shi da zoɓo da lalle da gahawa, daga ja a wannan gefe, yana dusashewa har ya koma fari a ɗaya gefen. Wato kalolin da mace ke gani daga ranar da abin ya zo har ranar da za ta yi wanka. Da ta fara yi mini bayani na ce, "Ke, mutane na zana masallaci da dabino da raƙumi, ke duk duniya kin rasa abin zanawa sai ƙazanta? A kan tawul ɗin harama kuma?" Ta ce da ni, rabi Larabci rabi Hausarta mai tuntuɓe, an zana jinin yaƙi an rataye a bango, an zana jinin rago, kowa ya ce mashaAllah, amma jinin da ta dalilinsa aka haifi mai zanen da mai kallon shi ne aibu. Na ce ta tafi can da surutun 'yan jami'a.

Dokar Umma ba ta kwana biyu ba. Goggo ba ta yarda da audugar kanti ba, ta ce ita ba za ta ɗaura takarda ba, ƙunzugu ta yanka daga tsohon zanenta. Ta wanke shi a ɓoye, ta lallaɓa saman bene tana neman lungun da ba mai gani ta shanya. Wane lungu ya fi bayan tanki? Muna ƙasa muka ji, "Innalillahi! Wa aka yanka?"

Muka hau a guje. Auta ta yi tsuru-tsuru, ta fara bayani tana haɗa kalma da nuni. Ni na riga na shirya jin wa'azi. Goggo ta saurara har ƙarshe. Ta bi ƙyallen daga wannan gefe zuwa wancan, hannu a baya, ta dawo ta tsaya gaban jan farko. Ta karkata kai.

"Wannan jan na wace ce?"

Auta ta ce na ranar farko ne.

"A'a. Wannan na ragon layya ne. Na mace ya fi haka duhu."

Umma, wadda watanni ke nan ko kallon bayan tanki ba ta yi, ta matso ta ce, "Ya danganta, Goggon yara. Nawa dai haka yake farawa, fes." Goggo ta ce to ke naki na 'yan birni ne. Mutuniyar Damagaram ta leƙo ta katangar da ta raba benenmu da nasu tana tambayar me ake rabo. Da aka gaya mata ta ce, "Tabɗi!" ta ɓace, sai ga ta ta ƙofa da ɗan tsaki na kanwa a hannu, ta ce a jefa a zoɓon a ga ikon Allah. Aka jefa, ya yi baƙi-baƙi. Goggo ta tafa hannu ta ce, "Yawwa, ga na tsakiya nan, ranar da bayanki ke tsinkewa!" Aka matsa lemon tsami a wani kofin ya yi ja wur, Umma ta ce ga nata, kowa ya gani ba ƙarya ta yi ba.

Ranar ba a ɗora girkin rana ba. Mata manya, iyayen wasu, mun tsugunna kewaye da kwanoni muna gardama a kan ko na kusa da ƙarshe ya fi kama da gahawar Larabawa ko da ruwan lalle. Auta tana tsoma tsumma tana gwadawa, ana ce mata ƙara, rage, kin ɓata, a'a daidai ne. Hannayenmu suka rine har gwiwa. Ni da na ce ƙazanta, ni ce aka ji ina ihun a bar mini wannan gefen, ba wadda ta san rawaya-rawayan nan kamar ni.

Daga kala aka koma labari. Umma ta ce ranar da ta fara gani ta ɗauka mutuwa ce ta zo, ta raba wa ƙannenta awarwaronta da ɗan kunnenta, da ta gane ba mutuwa ba ce suka ƙi mayarwa. Mutuniyar Damagaram ta ce ita a gidan biki ya same ta, a kan farin matashin zama na masu gida. Ta zauna daram, an ci, an sha, an yi rawa, ana ce mata taso tana cewa kaina ke juyawa, har kowa ya watse, sannan ta tusa matashin cikin abaya ta fita kamar mai tsohon ciki, mai gidan yana yi mata addu'ar sauka lafiya. Goggo ta ce kakarta ce ta ba ta tsumma ta ce daga yau kada namiji ya kuskura ya taɓa ki, in ba haka ba ciki. Shi ke nan ta yi ta gudun ƙaninta mai rarrafe, yana binta yana kuka tana haye turmi. Na yi dariya har na kwanta a kan siminti mai zafi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin Umma ta faɗi kalma ɗaya a kan wannan batu ba in ba "kin iya wankan?" ba.

Washegari da safe Goggo ta fito daga banɗaki, muna zaune muna kallonta, kowa na son tambaya ba mai iya farawa. Ta hau bene, muka bi ta. Ta zare ɗan icen da muke maƙale shanya da shi daga igiya, ta bi ƙyallen da ido, ta maƙala shi a wurin da duhun ya fara sassauci. Ta ce, "Yau ina nan." Ta sauka abinta ta je shan shayi.

Haka muka riƙa yi kowace safiya. Icen yana matsawa, muna yi masa kirari kamar dokin sukuwa. Ya wuce kanwa, ya shiga gahawa, ya leƙa lalle. Daga baya, da auta ta rataye aikin a zauren makarantarsu, da icen ta rataye shi. Na je na gani. 'Yan mata da malamansu da masu goge daɓe suna tsayawa, sai ka ga ɗaya ta waiga hagu da dama, ta cire icen ta maƙala a wani wurin, ta wuce tana murmushi. Har aka tashi bai zauna wuri ɗaya ba.

Amma akwai safiyar da Goggo ta hau, ta cire icen daga lalle, ta mayar da shi baya cikin ja. A ranar ne kuma aka aiko daga masauki cewa an sa musu ranar tashi, kowa ya ɗaure kaya. Ta zauna a inuwar tanki ta ce, a hankali, "Na ƙi zuwa da ƙuruciyata don kada in ji kunya. Ga shi na zo da tsufana zan koma ba hajji, ga kunya." Tsoro ya kama ni sosai. Na ji haushin jirgi, da jagora, da likita, har da zoɓon. Na ce zan je da kaina in gaya wa jagoran a ɗaga mata tafiya, ta riƙe mini abaya ta ce in na je ba ta yafe ba. Auta ta zauna kusa da ita ta ɗora kai a kafaɗarta, don Hausarta ba ta kai ta lallashi ba.

Shirin da muka yi shi ne, duk lokacin da ta ga fari, ni zan kai ta. Ni na san ƙofofin masallaci, na san inda cunkoso ke sassauci, kuma ni ce mai bakin da in an matse tsohuwa za a ji ni har Safa. Auta ko kasuwa ta shiga sai an je nemanta.

Ranar tashinsu, bayan asuba, ina ninke dardumar salla na ji ƙafar Goggo a matakala, da sauri, ba irin tata ba. Kafin in kai sama Umma ta rangaɗa guɗa. Icen yana can ƙarshen ƙyalle, a kan fari tas inda zoɓo bai taɓa ba. Mutuniyar Damagaram ta amsa guɗar ta katanga, wani maƙwabci ya buɗe taga yana tambayar wa ta haihu. Motarsu za ta bar masauki bayan azahar. Goggo ta faɗa wanka, ni na faɗa ɗaki na zura abaya, na ce bari in ɗan kewaya kafin mu fita.

Na daɗe a banɗakin nan ina kallon bango.

Da na fito suna tsaye bakin ƙofa da takalma a ƙafa. Umma ta ce yalla, mu tafi mana. Na hau bene, suka biyo ni suna mita. Na cire icen daga fari, na taka har ɗaya gefen, na maƙala shi a jan ragon layya. Goggo ta dube ni, ta dubi icen, ta dafe tanki. Ta yi dariya har sai da Umma ta ce ta yi a hankali kada abin ya ji ya dawo. "Na bar miki gado," in ji ta. "Ki riƙe da kyau."

Umma gwiwa ba ta barinta zagayen ɗawafi. Saura auta. Na kama kunnenta na karanta mata ƙofar shiga da ta fita, na ce in ta ɓatar da Goggo kada ta dawo gidan nan. Na raka su har farfajiyar masallaci, na ga shigarsu, doguwa da gajera hannu cikin hannu, sannan na nemi inuwa na zauna a waje.

Ashe muna da yawa. Shekarata nawa ina ratsa wurin nan ban taɓa lura ba. Ga wasu 'yan Indunusiya sun jeru da jakunkunan abokan tafiyarsu a cinya. Ga wata Baturkiya tana jan carbi tana leƙen ƙofa. Wata 'yar Masar ta matsa mini, ta miƙo dabino, ta ɗaga gira, na ɗaga mata tawa, muka tuntsire. Wayata kuwa sai ruri take, jagoran ne, don lambata Goggo ta ba shi. Na ƙi ɗauka. Rana ta take, aka kira azahar, aka idar, babu su babu alamarsu. Na tashi na zauna, na tsine wa auta a zuci, na janye, na sake tsinewa.

Sai ga su. Hijabin Goggo ya jiƙe sharkaf, takalminta ɗaya a ƙafa ɗaya a hannun auta. Na ce, "Kin yi?" Ta kama fuskata da tafukanta biyu ta gyaɗa kai, ta gyaɗa, ta sake gyaɗawa. Na yi kuka a gaban 'yar Masar da Baturkiya da kowa, ko a jikina.

Muka gangara Misfala da gudu-gudu. Motar tana tsaye ƙofar masauki, inji na aiki, an cika, fuskoki a kowace taga. Umma ta riga ta kawo jakar. Jagoran yana bakin ƙofar mota, gumi ya wanke shi, da ya hango mu ya ɗaga hannu sama. "Hajiya! Fisabilillahi! Ina kika shiga tun kwanaki? Ke da kika ce ƙafa, ga ki kina gudu! Mutum ɗaya ta tsayar da mota guda!"

Na buɗe baki, don na tanadi nawa tun daga farfajiya. Goggo ta dafa mini hannu. Ta taka matakalar motar, ta tsaya inda na baya ma za su ji, da takalmi ɗaya.

"Ba ƙafa ba ce, ɗana. Haila nake yi tun Muzdalifa. Yau na yi tsarki, na yi ɗawafina, na yi Safa da Marwa. Akwai sauran tambaya?"

Direba ya rage rediyo. Jagoran ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu, Hajiya. Allah ya karɓa." Wata tsohuwa a tsakiyar mota ta callara guɗa, wasu suka ɗauka, maza suka shiga duban taga kamar an ce ana rabon wani abu a waje. Ni da auta muna ƙasa muna tsalle muna rungumar juna kamar ba mu ne muka yi watanni muna faɗa ba.

Cikin guɗar nan ne wata ta miƙe a kujerar baya. Yarinya ce, ba za ta girmi auta ba, mijinta na gefenta. Ta riƙe ƙarfen kujera tana magana. Sai da aka yi shiru aka ji abin da take cewa.

"Ni ma ban yi ba. Kullum ina bin su har ƙofa in tsaya in dawo tare da su. Har yanzu bai ɗauke ba."

Mijin ya juyo yana kallonta, shi ma yau ya fara ji. Goggo ta ratsa tsakanin kujeru har baya, ta kamo hannun yarinyar, ta jawo ta har bakin ƙofa. Ta ce da jagoran ya nema wa yarinyar da mijinta jirgin baya, ya ce zai nema yanzu-yanzu, ya riga ya zaro waya. Sannan ta sa hannun yarinyar a cikin nawa ta matse.

"Ku tafi da ita," ta ce. "Kada ku bar ta ta jira ita kaɗai."

Aka sauke kayansu, aka rufe ƙofa, motar ta ja. Ban ma samu na yi wa Goggo sallama ba. Mijin ya koma masauki da babbar jaka, ni na ɗauki ƙaramar. Yarinyar ba ta saki hannuna ba har muka kai gida.